Sandar Numfashi a Takardar Ɗiyata

Na yi shekaru ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, nan Agadas. Da Faransanci labaran suke zuwa, mu fassara, kuma kafin a kunna jar fitila kowa sai ya ɗauki bik, wato biro, ya bi takardarsa yana ja mata layi. Gajeren layi na shiga tsakanin abu biyu da ke tafiya tare, kamar hanyar Agadas–Dabaga, don kada harshe ya raba su. Dogon layi kuwa wurin tsayawa ne: ka ja numfashi, ka sako wata magana a tsakiya, ka koma kan wadda ka bari. Sandar numfashi muke ce masa. Wanda bai ja ta ba zai ji kansa yana haki a tsakiyar sanarwar rasuwa.

Cikin waɗannan takardu ɗiyata ta tashi. Nakan kawo tsofaffin gida don hura gawayin shayi, ita kuma ta kwashe su ta zauna a bakin ƙofa tana kwaikwayon muryata. Da ta shiga lise, wato babbar sakandare, haka ta ci gaba da rubutu: ta karanta jimla da ƙarfi, inda ta ji numfashi ya tsaya ta ja layi. Faransanci ma ya yarda da wannan, don haka ban taɓa hana ta ba.

Tana ajin da ke gab da na ƙarshe aka ba su aikin gida, kowa ya bayyana wani wuri da ya sani. Ta rubuta garkar kakarta a Dabaga. Na tuna jimla guda, ga ta da Hausa: "Raƙumin da ke jan ruwa — ido ɗaya gare shi, kuma ba ya son maza — yakan tsaya da kansa idan guga ya cika." Takardar ta dawo da sifiri. Da wannan sifiri sakamakonta na shekara ba zai kai ta aji na gaba ba, sai ta maimaita.

Na tafi lakwal ɗin da rana tsaka, na tarar da malamin Faransancin, Mushe kamar yadda ake kiran malamai a nan, a aji shi kaɗai, tulin takardu a gabansa, farin alli har gwiwar hannu.

"Madam, ai na san muryarki," in ji shi. "Ke kika karanta sunana a rediyo ranar da na ci jarrabawa."

"To Mushe, yau muryar ƙara ta kawo."

Ya jawo takardar, ya ɗora yatsa kan dogon layin. "Yaran yanzu ko aya sai an roƙe su. Duk takardar da na ga wannan a ciki, daga salula aka kwafo ta. Abin nan da suke tambaya ya rubuta musu, shi ke son sa kamar gishiri."

"Abin nan ya san raƙumin kakarta?"

"In ta gaya masa, ya sani."

Gaskiya ya faɗa. Na bayyana masa yadda muke jan layi a rediyo. Ya saurara da ladabi, irin sauraron wanda iyaye suka sha kawo wa bayani.

"Akwai layin da ta sa ba a wurinsa ba?" na tambaye shi.

Ya sake bin takardar a hankali. "Babu. Shi ne ma abin da ya dame ni." Ya murza idanunsa. "Ta zo ranar Asabar da safe, ba salula. In ba ta wani batu, ta rubuta a gabana. Iyakar abin da zan iya ke nan, Madam."

Ban ji haushinsa ba. Gajiya kawai na ji, tawa da tasa.

Ta je, ta rubuta, ya soke sifirin, ta wuce aji. Da ta kawo takardar gida, sai na miƙe tsaye na karanta da ƙarfi kamar yadda na saba. Kan kasuwar dabbobi ce. Jimlolin gajeru ne, kowace ta tsaya ita kaɗai, babu kuskure ko ɗaya, babu kuma dogon layi ko ɗaya. Na kai ƙarshe ban ji muryarta a ciki ba.

"Ina sandunan?" na ce.

"Inna, in na sa sai ya ce haddacewa na yi. Baɗi kuma waɗanda za su duba jarrabawar ƙarshe ba su san ki ba, ba su san ni ba."

Akwai wuri a tsakiya inda take maganar wani dillali, jimla biyu da ya kamata su zama guda da numfashi a tsakani. Hannuna ya kai ga bik.

"Bar shi haka, Inna," in ji ta.

Na ajiye bik ɗin, na miƙa mata takardarta.