Keken Arzika da Kujerar Maigari

Cikin duk shekarun da na yi a biro, wato ofishin kula da rayuwar al'umma na Filinge, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da muka ɗora maigari a kan kujera. Kun sha jin tsofaffin ma'aikata suna tsokanata da zancen, suna ce mini Hadiza mai awon kai. To yau ku ji shi daga bakina, don su rabinsa kawai suka sani.

Lokacin soja ke mulki. Babban jami'in da ke riƙe da Filinge, wanda kowa ke kira kumandan, kaftin ne, kuma takardar da ya sa wa hannu ba a sake ta. Ni kuwa ban daɗe da kama aiki ba, ina ganin duk abin da ke duniya yana cikin takarda. A shekarar aka kawo mana kekunan guragu daga Yamai, masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, muka raba su a ƙauyukan Kurfai. Ba kyauta kawai ba ce, gwaji ne. Ana son a gano ko mutane na bukatarsu har su saya, don in akwai kasuwa a koya wa masu waldar Filinge su riƙa ƙerawa nan gida. Saboda haka bayan wata uku sai a tura ma'aikaci ya bi kowane keke da takardar tambayoyi: ina ake zuwa da shi, me ya lalace, me mai shi yake so a gyara. Akwai kuma doka ɗaya mai zafi. Keken da aka tarar ba a hawa, a ɗauke shi a ba na gaba a jerin masu jira, don jerin dogo ne.

Ba ma tambayar mutum ko yana hawa, domin kowa zai ce yana hawa. Taya muke dubawa. Sabuwar taya tana da 'yan gashin roba a jikinta, kwana biyu a hanya sun isa su cinye su.

Aka tura ni ƙauyen da aka haifi kakata ta wajen uwa, kusa da Bonkuku. Mai keken sunansa Arzika, dogon mutum mai faɗin ƙirji. Da can haƙar rijiya yake yi, har wata ta rufta da shi, ƙafafunsa suka mutu. Bayan haka ya koyi dukanci, yana ɗinka takalma da gidan wuƙa. Ni na rubuta sunansa ranar rabo, kuma ban manta da yadda ya riƙa shafa sitiyarin yana dariya ba. Ya ce mini burinsa ɗaya, ya kai takalmansa kasuwar Bonkuku da kansa, ya daina ba mutane su sayar masa suna dawo masa da abin da suka ga dama.

Na tarar da keken a cikin ɗaki, an lulluɓe shi da zane, an goge shi yana ƙyalli. Na durƙusa na shafa taya. Gashin robar nan yana nan, kaɗan ne ya tafi.

Na ce, "Malam Arzika, keken ya lalace ne?"

Ya ce, "Lahiya lau shike, Madam."

"Hannu yake sa ka ciwo? Ko yashi ya yi yawa?"

"Ko kaɗan. Hanyarmu fako ce har Bonkuku."

"To me ya hana ka hawa?"

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da huda fata, ya ce, "Sai a hankali."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na gaya masa dokar dalla-dalla, na ce nan da kwana goma shef ɗinmu, shugaban biro, zai zo da mota, in ya ga tayar haka zai ɗauke keken. Na ga basillar ta tsaya a hannunsa. A takarda na rubuta cewa mai keke ba ya so ya ba da dalili.

Da zan tafi matarsa Kuluwa ta kira ni in sha fura. Muna zaune a madafa ta dube ni ta ce, "Ke da kakarki 'yar garin ga ce, ba ki ga komi ba sa'ad da kinka shigo?"

Na ce na ga zaure, na ga bishiyar gawo a ƙofa, na ga maigari a kan tabarma da mutanensa, na gaishe su.

Ta ce, "To maigarin nan babana ne."

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Bayan haɗarin rijiya maigari ne ya dawo da ɗiyarsa da mijinta cikin gidansa, ya ba su sashe. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma tun hantsi har la'asar tsoho yana zaune a bakinta a kan tabarma. A ƙasarmu ko jaki kake kai, in za ka wuce gaban babba sai ka sauka, balle surukinka da ya ba ka wurin zama. Ta yaya Arzika zai fito zaune a sama, kansa ya fi na surukinsa tsawo, ya ratsa ta gabansa?

Na ce, "A fitar da keken mana, shi ya bi ƙasa yadda ya saba, in ya wuce ya hau."

Kuluwa ta ce sun gwada sau biyu. Ita tana tura keke ba kowa a kai, shi yana jan jiki a bayanta a gaban dukan majalisa, har bayan masallaci inda ido ba ya kaiwa. Ta ce ran na biyu da ya dawo bai ci abinci ba. Jan jikin da ya shekara yana yi ba tare da kunya ba, ranar ya zama abin kallo saboda ga keke a gabansa. Na ji kunyar abin da na rubuta, na ciro takardar na soke layin.

Ba wanda zai iya kai wa maigari wannan magana. Arzika ba ya ko haɗa ido da shi, Kuluwa kuwa ba za ta yi zancen mijinta a gaban ubanta ba. Ni kaɗai ke da hanya, don shi da kakata 'yan maza zar ne, saboda haka ni jikarsa ce, kuma kun san tsakanin kaka da jika babu abin da ba a faɗi. Na zauna a gefe har aka kira azahar. Na ga sai da mutum biyu suka kama shi kafin ya miƙe daga tabarmar, yana cije leɓe saboda gwiwa. Da ya dawo daga salla na same shi shi kaɗai.

Na ce, "Ni na fasa auren. Wane irin miji ne sai an ɗaga shi kamar buhun gero?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ke tahi can, 'yar lakkol, 'yar boko. Da ƙuruciyata da ba ki ishe ni kallo ba."

Na ce zan kawo masa kujera mai hannu, wadda zai dafa ya tashi da kansa. Ya ce kujera ta soja ce da ma'aikatan biro, ubansa a tabarma ya yi mulki. Na ce ubansa ba shi da suruki mai keke. Nan dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Kina tsammani ban sani ba? Kullum ina jin shi cikin ɗaki yana goge shi. In na ce mishi wuce, cewa zai yi to, kuma ba ya wucewa. In na tashi daga nan, mutane su ce na guje ma surukina." Sannan ya ce, "Kujerar taki, ta fi keken bisa?"

Na ce za ta fi.

"To kawo. Amma gwiwata anka yi wa, kin ji ko? Gwiwata."

Na karya karan dawa na auna mazaunin keken daga ƙasa, na ƙara taƙi guda, na kai wa Idi mai walda a Filinge. Idi ya dubi karan ya dube ni ya ce wannan kujera ce ko rumbu? Na ce ya ƙera kawai. Shef kuwa, da na ba shi labari, cewa ya yi shi dai takardar kumandan ya sani. Ranar da aka sa zai je, in ya ga mutum a kan keke ya bar shi, in bai gani ba ya ɗauka. Alfarma ɗaya ya yi mini, ya yarda a ɗora kujerar a motar da za ta je ɗaukar keken.

Muka isa da hantsi, kuma ranar kasuwar Bonkuku ce. Aka sauke kujera a gindin gawo, gari ya taru. Na yi jawabi da babbar murya cewa biro na gwada kujerar masu ciwon gwiwa, kuma an fara da maigari don girmansa. Aka kama tsoho aka ɗora. Ƙafafunsa suka tsaya a iska suna lilo, mata suka rufe baki da mayafi. Wani ya ruga ya kawo turmi ya kwantar, tsoho ya taka.

Kuluwa ta shiga ciki. Jim kaɗan muka ji ƙarar sarƙa, sai ga Arzika a bakin zaure a kan keke, da sabuwar riga, buhun takalma ɗaure a baya. Ya ɗaga ido sau ɗaya, ya tsaya cak.

Na dubi kansa, na dubi kan maigari, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mazauni na auna, ban auna mutanen ba. Arzika dogo ne, maigari gajere ne kuma tsufa ya tanƙwara shi. Duk da taƙin da na ƙara, kan suruki ya ɗara na tsoho da kamar yatsa huɗu. Kowa ya gani. Arzika ya fara juya sitiyari baya. Shef ya dubi agogonsa.

Maigari ko kallon zaure bai yi ba. Ya muskuta, ya ɓata fuska, ya ce, "Wanga ƙarhe ya cika tauri. Ku kawo bargona." Aka ninka bargo huɗu, aka ɗaga shi aka sa. Ya sake muskutawa ya ce, "Da buzun salla." Aka ƙara. Ya saci kallo ta wutsiyar ido, ya ga da ɗan saura, sai ya dubi sama ya ce, "Kai, ranar ga ta yi zahi. Malafata." Alhali a inuwar gawo yake. Aka kawo malafar nan mai dogon tsini ya kafa a kan rawani, ya miƙe wuya, ya dafa hannuwan kujera kamar an haife shi a kanta.

Sannan ya yi magana, ba da kowa ba, da iska: "Masu zuwa kasuwa, rana na yi."

Arzika ya tura keken. A hankali ya zo, da ya kai daidai kujerar ya sunkuya har goshinsa ya taɓa sitiyari, ya ce, "Ranka shi daɗe." Tsoho ya amsa daga sama, "Allah shi ba da sa'a. A sawo mini goro." Ya wuce. Da ya kai masallaci ya fara tuƙi da ƙarfinsa na mai haƙar rijiya, buhun takalma na tsalle a bayansa, bai ko waiwayo ba. Kuluwa ta rangaɗa guɗa a gaban ubanta, ta manta da kunya. Ni kuwa ina dariya ina share hawaye da takardar tambayoyin gwamnati. Shef ya tsaya yana kallon hanya har keken ya ƙule, sannan ya ce wa direba ya rufe bayan mota, babu abin ɗauka.

Ba mu bar wurin ba sai da liman ya ja ni gefe ya tambaye ni ko Idi zai iya yin wata, amma mai gajerun ƙafafu. Bayansa wasu tsofaffi biyu suka biyo. Ashe duk sun gaji da tabarma, ba dai mai son ya riga maigari hawa kujera. Mun fita neman kasuwar keke muka dawo da kasuwar kujerar tsofaffi, wadda babu ita a takardar kowa. Har bayan da soja suka koma bariki Idi yana kai kujerunsa kasuwannin Damana da Bonkuku, kuma yakan ce da ni ban taɓa yi masa awo daidai ba sai dai na kawo masa ciniki.

Na san yanzu kuna da na'urori, tambayoyinku ma a waya suke, kuma kuna auna tsawon ƙafa da faɗin ƙugu fiye da yadda muka iya. Ku ci gaba da aunawa. Amma mutumin da kuke ba kayan nan ba shi kaɗai yake zaune a duniya ba. Yana da suruki, yana da ƙofar da zai fita, kuma mutanenmu sun gwammace su rasa abin da suke so da su faɗi abin da ke ba su kunya. In kun ga taya ba ta ci ba, kada ku yi saurin rubutawa. Ku karɓi furar da aka ba ku ku zauna, ku gano gaban wa mutumin zai wuce.