Noelene da Jinjimin Tafkin Merrigal

Noelene Treloar ba ta taɓa cewa tana son tsuntsaye ba. Kiwon tumaki ta gada daga ubanta a bakin tafkin Merrigal, tafkin da sai ya shekara bakwai a bushe kafin ya tuna shi tafki ne. Duk shekarar da ya cika kuwa, jinjimi kan zo dubu-dubu su yi sheƙa a kan sarƙaƙiyar da ke tsaye cikin ruwa, ita kuma ta kafa sanda tana duba zurfinsa kowace safiya. Ta san halinsu sarai: ruwa na janyewa daga ƙarƙashin sheƙa, iyayen sun tashi ke nan, ko waiwaye babu. 'Ya'yan kuma dila ya samu.

A wani Janairu mai zafin tsiya, don a can lokacin bazara ke nan, ruwan ya fara sauka, yatsa biyu kullum, ga 'ya'yan da sauran mako uku kafin su iya tashi. Ba abin da ke hannunta sai rabonta na ruwan kogi, wanda ta tanada don gonar ciyawar da tumakinta za su ci da sanyi.

Mijinta Clarrie ya same ta tsaye a ƙofar ƙarfen da ke juya ruwan kogin, ko zuwa gona ko zuwa tafki.

"Uwar jinjimi, me ake ciki?"

"Tunani nake."

"Wane tunani? Tun jiya kika gama, kunyar faɗa kike ji. Masu dogon bakin nan ne za su ba ki ulu?"

"Kai dai kama min nan, tsoho. Bakinka ya fi hannunka aiki."

Ya kama, suka murɗa ƙarfen tare, ruwan ya nufi tafki.

Kwana goma gonar ta ƙone ƙurmus. A Fabrairu 'ya'yan jinjimi suka tashi, har suka rufe sama. Kafin sanyi ya shigo babbar mota ta zo ta kwashe tumaki ɗari biyu da ta sayar don rashin ciyawa, har da zuriyar waɗanda ubanta ya bar mata. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta tsaya bakin shinge har ƙurar motar ta kwanta.

"Kin yi da-na-sani?" in ji Clarrie.

"Na yi mana." Ta share fuska da hularta. "Amma da ka ga yadda suka tashi ran nan."

"Ai ina bayanki," ya ce. "Ni ma na yi hawaye, ba ki dai juyo ba ne."