Tagar Makaho a Masaukin Turkawa

A unguwar Misfala na girma, can ƙasa mai tsarki, cikin wani tsohon masauki da Turkawa suka gina wa fatakensu tun zamanin raƙuma. Ƙofarsa ɗaya ce, doguwa, yadda raƙumi zai shige da kayansa ba sai an durƙusar da shi ba. Ɗakunan ƙasa na dutse ne, ba taga, nan ake jibge haja. Fatake a sama suke kwana. Lokacin da na yi wayo duk Hausawa ne a ciki, kuma kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke kula da ginin.

A ɗakin ƙarshe na sama akwai wani tsoho makaho da ya zo ta Cadi da Sudan a ƙafa. Ɗakinsa kaɗai ne roshan ɗinsa bai ruɓe ba, wato tagar katakon nan mai sassaƙa da ke turowa bisa titi, da wurin zama a cikinta. Kullum bayan la'asar yakan lallaba ya hau ya sha iska.

Da aka shafa wa ginin jan fenti, alamar za a rushe, wani mai sayen tsofaffin kaya ya ƙyalla ido ya ga tagar. Kawu bai jira mun tashi ba. Ranar Juma'a, tsohon yana masallaci, ya kawo kafintoci suka ɓanɓare ta, ya sayar. Mahaifiyata ta roƙe shi ya toshe wurin ko da langalanga ne.

"Yaya, makaho ne fa," in ji shi. "Me zai kalla? Gobe na toshe."

Ta yi niyyar gaya wa tsohon da kanta, amma ya riga ta dawowa, tana can tana sayar da tsabar tattabaru. Ina tsakar gida na ji ƙarar faɗuwarsa a titi.

Bayansa ya karye. Ya ɗan jima a asibiti, duk wanda ya je dubiya sai tsohon ya tambaye shi ko ɗakin wani ya shiga bisa kuskure. Kawu ya gaya wa mutane katakon ne ya ruɓe ya rufta da shi. Da tsohon ya rasu, kawu ne ya zauna karɓar gaisuwa, ana ta sa masa albarka.

Muka koma unguwar Ka'akiyya. Mahaifiyata ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma ta hana ni. Amma har ta bar duniya ba ta ƙara cin abincin gidan kawu ba.