Tasalla Mai Ɓatar wa Ƙwaro Hanya

Da hantsi ya ɗaga, Inna Tasalla ta Jiratawa za ta zagaya tulunan da ke jere a ɗakinta, tana shafa bakin kowanne. In ta ji tsaga a yumɓun da ta liƙe shi, nan take za ta kwaɓa sabo. Irin waken mutane ne a ciki, na Jiratawa da na Tsibiri, har da na Maraɗi. Da kaka suke kawo mata ajiya, su karɓa in ruwan shuka ya sauka.

Wasu cewa suke asiri gare ta. Dariya take yi. "Asirin mi? Ƙwaron wake hanci garai. Ƙamshi shika bi, kamar baƙon da ya ji tuya."

Aikinta ke nan, ɓatar masa da hanya. Ta shanya wake ya sha rana, ta cuɗe shi da toka, ta shimfiɗa ganyen bunsurun fadama a kai, ganyen da warinsa ya ci sunansa, sannan ta liƙe. Can bayan gida kuma takan ajiye waken banza a buɗaɗɗiyar ƙwarya. Ƙwari su taru a nan su yi ƙwai, ita kuwa ta juye a wuta.

Shekarar da gulbi ya ci Maraɗi, kumandan, Baturen mulki, ya sa aka koma tudu, rumbuna da yawa sun bi ruwa. Irin da ya rage wa mutane shi ne na tulunanta, ga shi babu mai waken banza ko tafi guda. Amma maƙwabcinta Gado ya ga ƙwaryar nan cike kamar kullum. Ya leƙa madafinta, ya tarar ganyen tafasa take ci gaya.

"Inna, abincinki za ki ba ƙwari?"

"Gado, in na ci, ni ɗaya na ƙoshi. In sun ci, gari ya yi shuka."

Gado ne ya ba mu wannan labari. Damina ta zo, aka fasa tuluna, wake ya fito sumul babu huda. Ita kuwa ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu.

Ke ce uwar iri, Tasalla. Ba ki da gona ko taki ɗaya, amma kowace gonar wake a bakin gulbin nan ta bi ta hannunki. Bana gwiwa ta ƙi, kin miƙa wa surukarki Atika tulunan, ko da yake har yau sai kin bi bayanta kin shafa.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu 'ya'ya, ku turo su su koya tun tana iya nunawa. Wanda kuma ya roro wake bana, ya kai mata ƙwaryar farko. Wannan karon ita za ta ci.