Saƙonnin da suka ci gaba da zuwa wayar abokina

Shekarun baya ina aiki a biro, wato ofishin wata ƙungiya a nan Damagaram, mai tallafa wa ƙananan asibitocin karkara. Ni da abokina ke kula da rezo, wato layin sadarwar na'urori. Gaskiya shi ne mai aikin, ni dai na ƙware a kallon allo in ce "kore ne" ko "ya yi ja".

Muna da manhaja mai sa ido kan layin kowane asibiti, har da firjin allurar rigakafi. In wani abu ya lalace sai ta aika saƙo. Abokina ya kafa ta da asusu ɗaya tak. Kalmar sirrin tana kansa, saƙonni da kod ɗin shiga, wato lambar tabbatarwa, duk wayarsa suke zuwa. In shef, wato shugabanmu, ya ce a buɗe wa kowa nasa, sai ya yi dariya ya ce, "Ina za ni?"

Ranar kasuwar Mirriya mota ta kife da su a hanyar dawowa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ana cikin zaman makoki aka ɗauke wuta a biro. Da na'urar ta tashi sai allon ya tsaya yana neman kalmar sirri. Muka gwada duk abin da muke zato, ya ƙi. Dole na tafi Zango wurin mahaifiyarsa neman wayar. Na daɗe a zaure kafin in iya yin sallama.

Ta ciro ta daga ƙarƙashin matashi ta ce, "Ɗana, tun ranar take kuka. Na ɗauka masu ta'aziyya ne."

Na ce, "Inna, na'urar wurin aiki ce, tana gaya masa wani abu ya lalace."

Ta ce, "Ita ba a gaya mata ba?"

Da kod ɗin da ya zo wayar na sake kalmar sirri, na shiga. Asibitin garin Dogo ja wur, kwanaki ke nan. Firjinsu ya mutu, alluran duk sun lalace. Matan da suka tako da jarirai daga ƙauyuka haka aka sallame su.

Daga nan kowa ya samu asusunsa, iya abin da aikinsa ke buƙata. Babbar kalmar sirrin muka sa a manhajar ajiya da mutum biyu ke iya buɗewa, saƙonni kuma suka koma lambar biro. Na ƙarshe shi ne rufe asusun abokina, kuma ni aka bar wa.

Har yau duk inda na yi aiki ba na yarda mabuɗi ya zauna a kan mutum ɗaya, ko da ni ne. Amma ba wannan ke dawo mini ba. Da na koma gaishe da mahaifiyarsa bayan sadakar arba'in, wayar tana gefenta a kan tabarma, cike da caji. Ta ce, "Kun gaya mata ke nan. Ta yi shiru."

Na ce, "E, Inna."

Ta shafa wayar ta ce, "Da kun bari ta ɗan ƙara kwana biyu."