Gilashin da Ya Ƙi Hannun Mati

Mati ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. In na ce ba shi da wayo, ba zagi ba ne, sani ne. Abu biyu Allah ya ba shi: gaskiya da rubutu. Ya gama firamare ya kama fartanya, bai sake ajiye ta ba. Da aka fara noman rani a wajenmu da ruwan dam ɗin Watari, shi aka damƙa wa littafin layin ruwa: wane Asabar da safe, wane Lahadi bayan azahar. Shekara ashirin da shida ba a taɓa ɗaga wa juna murya a bakin magudana ba. Babu albashi. Amma duk inda ya gifta sai ka ji an ce Malam Mati na ruwa, kuma wannan sunan ya fi masa tuwo.

Bara masu sakin ruwa suka ce sun daina karɓar takarda. Kowace ƙungiya ta tura sunayen manomanta da layinsu ta na'ura kafin a buɗe ruwa. Alhaji Kassimu, shugaban ƙungiyarmu, ya sayo wata babbar waya mai faɗin allon karatu, wai tabulet, ya miƙa wa Mati a gaban jama'a. Basiru, ɗan ƙanen Alhajin, wanda ya yi karatu a Kano ya dawo yana neman abin riƙewa, ya ce, "Baba Mati, in ta gagara ina nan."

Ta kuwa gagara. Ba kansa ne ya kasa ba, don wata mata da aka turo ta koya musu ta ce ya fi kowa ganewa. Sai dai a hannunta ya gane, ita ke taɓawa yana kallo. Da ya dawo gida ya taɓa gilashin, shiru. Ya danna, ya murza, sai can ba a rasa ba wani abu ya motsa, shi ma ba wanda ya nufa ba.

Ya shigo gidana da hantsi, abin a cikin riga kamar ya sato.

"Yaya, taɓa nan."

Na taɓa. Ni ma shiru. Na dubi yatsuna, na dubi nasa. Nawa taɓarya ta gama da su, nasa kuwa kanta ta yi musu kauri kamar kofaton jaki.

"Ba ta san mu ba," na ce. "Ta masu hannun biredi ce."

Bai yi dariya ba. Saura kwana tara a rufe karɓar sunaye.

Abin da ya yi daga nan shi ya tayar min da hankali. Ya daina zuwa gona. Ya riƙa jiƙa hannun dama a ruwan ɗumi, ya lafta man kaɗe, ya naɗe da tsumma ya zauna a ɗaki.

"Mati, yaushe za a kai ka ɗakin mijin? Na ga an sa lalle."

"Yaya, ki bar ni da abin da ke damuna."

Kantar shekara hamsin ba ta fita a kwana huɗu. Tuwo ya fara dawowa daga ɗakinsa yadda aka kai shi. Ran da ya rage kwana biyar ya ce min zai mayar wa Alhaji tabulet ɗin, ya ce idonsa ne ya raunana.

"Da furfurarka za ka koyi ƙarya? Kai da kake zura zare a allura?"

"To in ce me? In ce hannuna ne bai kai ba, a gaban Basiru?"

Muna cikin haka ya ɗauki ƙaramar wayarsa zai kira Alhajin, ya danna ta tsaf. Na riƙe masa hannu.

"Wannan me ya sa take jin ka?"

"Ita ai maɓallai gare ta."

"Babbar fa, ba a yi mata maɓallai?"

Ya juya ƙaramar wayar a hannunsa. Ya ce ya taɓa gani a ofis, wani faranti mai maɓallai, kibod ake ce masa. Amma shi ba zai je nema ba, kafin ya sauka mota labari ya riga shi gida. Na karya tsinken tsintsiya na auna faɗin yatsansa, yadda muke auna ƙafa in za a sayo takalmi. Washegari ranar kasuwar Ɗanbatta, na ƙulle tabulet ɗin a zane na hau mota, gabana yana faɗuwa duk ramin da muka faɗa.

Mai shagon, wani Abdulkabir, ya fito min da iri uku. Na farko siriri ne, ana ninke shi. Na ɗora tsinkena, ya haye maɓalli biyu.

"Hajiya, wannan ake yayi."

"Ba yayi na zo saye ba, ɗana. Mai abin manomi ne, in ya danna ɗaya uku za su amsa."

Na biyu ba igiya, amma sai an yi masa caji. Na ce mu da muke aika waya caji wani gari, ba za mu ƙaro wani mai jin yunwa ba. Na uku baƙi ne, mummuna, maɓallansa a warwatse, da igiya. Tsinkena ya zauna daidai. Na ce ya haɗa a gabana. Ya nemo wani ɗan baki ya jona, na danna da yatsana, wani baƙin abu kamar tururuwa ya fito a gilashin. Ban san sunansa ba, amma ni na fito da shi.

Kwana uku Mati yana zaune a zaure yana farautar baƙaƙe da yatsa ɗaya, yana mita wai wanda ya jera su bai yi makaranta ba. Sunaye saba'in da huɗu ne zai rubuta. Ni kuma ina leƙe, ina lissafin rana.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Alhaji don a tura. Na kai fura, na ƙi tafiya. Mati ya shimfiɗa kayansa a tabarma, Basiru ya sunkuyo.

"Baba Mati, me ya kawo wannan jibgegen? Ita ai taɓawa ake yi."

Mati ya ɗago kai. Na ga ya kai hannu wajen ido, na ce shi ke nan, zai yi ƙaryar nan. Sai ya sauke hannun.

"Ba ta jin hannuna," ya ce. "Ya yi kanta."

Wasu suka yi dariya. Alhaji Kassimu ya jawo tabulet ɗin ya taɓa, ya sake taɓawa, ya ɓata fuska ya miƙa wa na kusa. Ta zaga mutum goma sha ɗaya, uku kawai ta amsa wa, su ma da ƙyar. Dariyar ta mutu. Basiru ya karɓa, ko gama taɓawa bai yi ba ta buɗe.

Iliyasu mai albasa ya ce, "Basiru, yaushe rabonka da fartanya?"

Basiru ya sa hannunsa a aljihu.

"Mati, tura," in ji Alhaji.

Ya danna. Wani abu ya yi ta juyawa a gilashin, yana juyawa, ba mai ko tari. Ni dai salati nake. Can ya tsaya. Mati ya matso da fuskarsa ya karanta a hankali.

"Sun karɓa."

Alhaji ya ce, "To, Malam Mati na ruwa, wa ke farko ran Asabar?"