Ranar da Na Tambayi Inda Ake Sa wa Mota Wuta

Mun tashi daga Gwammaja ana idar da sallar asuba, ni da yayana, a cikin motar da ba ta shan fetur. Motar ta ubangidansa ce, wani Alhaji mai sayar da yadi, daga zuriyar Larabawan da suka daɗe da zama a gindin Dala. Wata guda ke nan da ya ɗauki yayana aikin tuƙi, kuma ya faɗa masa ƙarara cewa gwaji ne: idan wata ya cika ba tangarɗa, aiki ya zauna, idan kuwa an samu, kowa ya kama gabansa. Ranar da nake ba ku labarinta ita ce ta ƙarshen watan. Kafin wannan aiki Yaya ya yi shekara biyu a zaune, ga mata ga 'ya'ya uku, don haka babu wanda bai san nauyin ranar ba a gidanmu.

Alhaji yana ƙasar waje, amma ya aiko da umarni biyu. Na farko, a kai wa ƙanwarsa bandiran shadda a Kazaure. Na biyu, ƙarfe biyar na yamma motar ta kasance a filin jirgi, domin zai sauka tare da baƙo, kuma kai tsaye za su wuce gidan gonarsa da ke Kura. Ni an ɗauke ni ne saboda allon motar da Turanci yake magana, ko da yake Hausa na karanta a jami'a.

Tun kafin mu tashi akwai abin damuwa. A garejin Alhaji ake cika batirin motar, amma kwana uku unguwar ba ta ga wuta ba, ƙaramin injin gidan kuma bai taɓuka abin kirki ba. Allon ya nuna kashi saba'in cikin ɗari. Yaya ya ce ya isa. Na yarda da shi, domin ni ban san komai a kan mota ba.

Abin mamaki na farko shi ne shirun motar. Ba ta da ƙara ko kaɗan. A lungunan Gwammaja dattawa masu dawowa daga masallaci suna tafe a tsakiyar hanya, ba su san muna bayansu ba, Yaya kuma ya ji kunyar yi musu oda. Sai ya sauke gilashi yana cewa, "Gafara dai, Baba, gafara dai," kamar mai tura baro. Wani tsoho ya waiwayo ya ga mota a dugadugansa, ya yi salati, ya leƙa bayanta don ya ga masu tura ta.

Daga Kurna zuwa Dawanau hanya a buɗe take. Manyan motocin hatsi suna jere a bakin kasuwa, direbobinsu na alwala a gefen taya. A Dambatta muka tsaya karin kumallo. Kofin shayi mai madara naira ɗari biyar, ƙosai kuma ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai suyar ko na yara ne. Ta ce, "Na manya ne, ɗana, wake ne ya yi tsada." Mai shayin kuwa zagaya motar ya yi sau biyu yana neman bututun hayaƙi, wato salansa, da bai gani ba ya ce lallai kamfanin ya cuci Alhaji.

Mun isa Kazaure da hantsi. Hajiya, ƙanwar Alhaji, ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta sa aka dama mana fura da kindirmo mai sanyi. Da za mu taho ta sa aka loda mana buhun gero uku na Alhaji, da zabi biyar a cikin kwando, huɗu nasa, ɗaya namu. Na ga fuskar Yaya ta sauya, domin ya san nauyi yana cinye batir, amma wa zai ce wa Hajiya a sauke tsarabarta? Godiya muka yi, muka kamo hanya.

A dawowa ne na fara tsorata. Rana ta take, lambar da ke allon tana sauka ina kallo. Yaya ya kashe na'urar sanyi, ya kashe rediyo, ya rage gudu har masu babur suna wuce mu. Zufa ta jiƙa mana riguna, zabi suna ta kuka a baya. Muka wuce gidajen mai sun fi ashirin, babu wanda zai amfane mu da komai. Da muka shigo Mil Tara kashi goma sha uku ya rage. Wannan zai kai mu filin jirgi, amma ba zai kai Alhaji Kura ba. Yaya ya ce a hankali, "Idan ta mutu yana ciki da baƙonsa, shi ke nan."

Muka tsaya a kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyaran mota, da tunanin cewa a nan ba za a rasa wanda ya sani ba. A nan na yi kuskuren da har yanzu nake jin nauyinsa. Ni mutum ne da ba ya son aron kalma idan akwai tamu, kalmar caji kuwa tun ina makaranta nake guje mata. Na sami wani dattijo a bakin shagon tayoyi, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba, don Allah a ina ake sa wa mota wuta a garin nan?"

Ya ajiye carbinsa. "Inna lillahi! Sabuwar mota haka? Me ta yi maka?"

Kafin in gyara magana mutane sun fara taruwa. Wani ya ce ko ta sata ce muke son ɓatar da sawu. Yaya ya fito da gudu yana cewa, "Caji yake nufi, jama'a, caji!"

"Caji ofis yana nan bayan kasuwa," in ji wani bakanike, "kuma can ɗin ya dace da shi."

Sai da Yaya ya buɗe gaban motar suka ga babu inji irin wanda suka sani, sannan aka fashe da dariya. Abin da ya girgiza ni ya fi dariyar. A cikin wannan kasuwa, inda za a haɗa maka mota sukutum daga tarkace, babu mutum ɗaya da ya san inda ake cajin mota. Da muka koma ciki Yaya ya ce, "Farfesa, don girman Allah ka bar mini tambaya daga yanzu."

Na buɗe taswirar wayata. Ta nuna wuri guda, wani sabon gidan mai a wajen Fagge. Muka lallaɓa muka je, muka iske na'urar cajin tsaye, doguwa, fara fat, amma an lulluɓe ta da leda an ɗaure da igiya. Mai zuba man ya ce tun ranar da aka zo aka ɗauki hotonta ba a sake waiwayarta ba, ko wayar wuta ba a jona mata ba. A jikinta yake rataye rigarsa. Muka yi sallar azahar a nan, allon yana nuna kashi bakwai.

Muna fitowa daga masallacin na ga wata adaidaita sahu ta wuce mu shiru, ba ƙara ba hayaƙi. Yaya ya bi ta da ƙafa yana ɗaga hannu. Direban ya ce su a Ƙofar Wambai suke shan wuta, mu shiga ta wajen 'yan robobi mu tambayi wurin caji.

Wanda ya san Ƙofar Wambai da rana ya san abin da muka shiga. Dilolin gwanjo a kan 'yan dako, bokitai da bahuna jibge har bakin titi, masu takalman fata suna kiran ciniki, ga motarmu da ba wanda yake jin tahowarta. Taku ɗari ya ci mana kusan minti ashirin. Na sauka na tambayi wurin caji, wannan karon da kalmar da kowa ya sani. Aka kai ni wata rumfa, inda wani mutum mai furfura a gemu yake zaune gaban allon katako, wayoyin hannu sun fi hamsin jere a kai, kowace da lambarta. Raina ya ɓaci. Na ce masa, ba tare da ko sallama ba, "Ba irin wannan ƙaramin cajin muke nema ba."

Ya dube ni bai yi fushi ba. "Wa alaikumus salam, Malam. Na mota kuke so? Ku bi lungun nan, ƙofa ta biyu mai koren fenti. Direbobin wurin duk a nan suke barin wayoyinsu."

Muka shiga da kashi huɗu. Fili ne babba a bayan shaguna, an rufe samansa da farantan sola, adaidaita sahu kusan goma suna jere kowace da igiyarta, can a kusurwa kuma ga na'urar mota guda ɗaya, fitilarta a kunne. Shekarata ashirin da shida a garin nan, gidanmu bai fi tafiyar rabin sa'a da ƙafa ba, ban taɓa sanin akwai wannan wuri ba. Yaya ya jona igiyar, bakinta ya shiga daidai. Ya yi hamdala, ya zaro kuɗi daga aljihu ya miƙa wa matar da ke kula da wurin.

Ta ce, "Ba ma karɓar kuɗi, Malam."

Na ɗauka kyauta take nufi, har na fara godiya. Ashe nufinta ba sa taɓa takardar kuɗi. Sai an ɗauki hoton wani tambari mai ɗigo-ɗigo a jikin na'urar, a sauke manhaja, a yi rajista, a zuba kuɗi a cikinta daga banki, sannan wuta ta taho. Yaya ya roƙe ta, ya ce zai ƙara mata a kai. Ta ce ko ita da ke wurin ba ta da ikon kunna na'urar, daga wani ofis can nesa ake sakinta. Na tsaya ina kallon kuɗin a hannun Yaya. A Kano, a tsakiyar kasuwa, ga mai saye ga haja ga kuɗi, amma ciniki ya ƙi faɗawa. Ban taɓa zaton zan ga haka ba.

Wayar Yaya ƙarama ce mai madannai, don haka tawa ce za ta yi aikin. Na sauke manhajar, na rubuta sunana, ina jiran lambar sirri ta shigo, sai fuskar wayar ta yi baƙi. Taswira ta cinye batirinta tun safe, cajata kuma tana gida a kan tabarma. Ƙarfe uku da kwata. Yaya ya koma gefe. Ya zauna a kan wani dutse ya cire hularsa ya riƙe, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babu yadda zan yi. Na koma rumfar nan, na yi sallama cikakkiya, na durƙusa na ce, "Baba, ƙaramin cajin nake nema."

Ya yi murmushi, ya zare wayar wani ya sa tawa a gurbin da ya ce ya fi sauri. Da ya ji sauran bayanin, ya ce in kawo kuɗin hannun, shi zai tura mini ta banki, domin yana wannan sana'ar ma. Minti goma muka jira, ina ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta farfaɗo, lambar ta shigo, naira dubu goma sha biyar ta shiga manhajar. Na ruga na danna. Na'urar ta yi wani ɗan gurnani, lambar allon motar ta tashi daga huɗu zuwa biyar. Yaya ya mayar da hularsa.

Muka yi la'asar tare da direbobin adaidaita sahu, muka ci gurasa da ƙuli a bakin ƙofa, idonmu yana kan allon. Ƙarfe huɗu da rabi ta kai kashi sittin. Kuɗin da ta sha bai kai na fetur ɗin da zai yi wannan tafiya ba, wannan ma ya ba ni mamaki. Da za mu fita na koma in biya mai rumfar ladansa, ya ƙi karɓa, ya ce ai baƙi ne mu a harkar. Yaya ya buɗe bayan mota ya ciro zabon da Hajiya ta ba mu, ya miƙa masa. Wannan kam ya karɓa da hannu biyu. A duk neman cajin nan, shi ne kaɗai abin da muka biya hannu da hannu.

Mun isa filin jirgi saura minti bakwai biyar ta cika. Alhaji ya fito da baƙonsa, ya shiga, sanyi ya buge shi, ya dubi allon. Ashe an riga an gaya masa ta waya cewa unguwa ba wuta.

"A ina ka samu caji?"

"Ƙofar Wambai, Alhaji, bayan 'yan robobi," in ji Yaya.

"Ƙofar Wambai? Akwai wurin caji a Ƙofar Wambai?" Alhaji ya girgiza kai, zabi suna kuka a baya. Sannan ya ce, "Ni da na sayo motar ban sani ba. To, riƙe makullin. Gobe ka zo mu yi maganar albashi."

A nan na rabu da su, na hau adaidaita sahu mai hayaƙi da ƙara na koma Gwammaja, na iso ana kiran magariba. Mahaifiyarmu tana zaune a tsakar gida, ba ta tambaye ni hanya ba, fuskata kawai ta duba. Na ce mata aiki ya zauna.

Ga abin da na ɗauko daga wannan tafiya, ga duk mai niyyar shiga irin motar nan a garinmu. Kada ka dogara da taswirar waya, ka tambayi masu adaidaita sahun da ba ta ƙara. Ka sauke manhajar tun a gida, ka zuba mata kuɗi, ka riƙe cajar wayarka kamar yadda kake riƙe makulli. Ka yi sallama ga duk wanda ka tarar a zaune. Game da kalmar nan kuwa, na sallama. Caji Hausa ce, na shigar da ita da hannuna, ranar da Hausata ta kusa kai ni caji ofis.